Zauren Tambaya: Wace kwamfuta ce za ta ɗauki lissafin ruwan Logon?

Wasiƙu uku muka zaɓa a wannan fitowa, kuma dukkansu daga jami'o'in yankinmu suka fito, a kan aikin binciken da ya fi ƙarfin kwamfutar hannu. Ta farko ce ta fi buƙatar dogon bayani, don haka da ita za mu fara.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗaliba ce mai neman digirin digirgir a fannin nazarin yanayi, kuma aikina a kan ruwan saman da ke haddasa ambaliya a kwarin Kogin Logon ne, daga Yagwa har zuwa Kusiri da Injamena. Filin da nake nazari ya kai kilomita 900 a kowane gefe, kuma damina goma nake son in lissafa da manhajar hasashen yanayi mai suna WRF. Kwamfutata ta hannu takan kwana biyu tana aikin mako guda, wani lokaci ma ta yi zafi ta mutu kafin ta gama. Yanzu hanyoyi uku ne a gabana. Sashenmu ya samu tallafin sefa miliyan 6 da za a iya sayen na'ura da shi. Malamina na biyu, wanda ke wata jami'a a Faransa, ya ce zai iya nema mini gurbi a ɗaya daga cikin manyan kwamfutocin ƙasarsu. Wani abokin karatuna kuma ya ce in bar duk wannan in yi hayar kwamfuta ta intanet a wurin Amazon ko Google. Wacce zan bi?
Wata ɗaliba, daga Marwa

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'a. Kin kyauta da kika faɗi girman filin, domin da shi za mu auna aikin, kuma sai an auna kaya ake sanin jaki za a nema ko babbar mota.

WRF tana yanka sararin samaniya ne gida-gida kamar gidajen dara, ta lissafa iska da zafi da laima a kowane gida, ta matsa gaba da 'yan daƙiƙoƙi, sannan ta sake lissafawa, haka har damina ta ƙare. Idan faɗin kowane gida kilomita 9 ne, filinki zai ba da gida 100 a tsaye da 100 a kwance, wato 10,000, kowanne da hawa kamar 40 zuwa sama. Idan kika matse gidan ya koma kilomita 3, gidajen sun zama 90,000, ninki tara ke nan. Ba a nan abin ya tsaya ba, domin ƙa'idar da masu manhajar suka bayar ita ce takun lokaci kada ya wuce daƙiƙa 6 ga kowace kilomita ta faɗin gida, saboda haka takun da yake daƙiƙa 54 sai ya sauko zuwa 18. Tara sau uku ya ba da 27. Aikin da zai ci wata guda a kan gida mai kilomita 9 zai ci fiye da shekara biyu a kan mai kilomita 3, a na'ura ɗaya, a kan fili ɗaya. Ashe ba aiki ɗaya ne a hannunki ba, ayyuka biyu ne masu bambancin nauyi, kuma ba dole ba ne na'ura guda ta ɗauke su duka.

Mutane da yawa suna zaton babbar kwamfuta wata ƙwaƙwalwa ce guda mai saurin walƙiya. Ba haka take ba. Garke ce ta na'urori ɗaruruwa ko dubbai da aka haɗa da wayoyi masu sauri, kuma kowace ƙwayar lissafi da ke cikinta ba ta fi ta kwamfutarki gudu da wani abin kirki ba. Ƙarfinta a gayya yake. To, gayya tana da amfani a noman gona mai faɗi, inda kowa zai kama kunyarsa, amma mai haƙa rijiya ko ya tara mutum hamsin, mutum ɗaya ne zai shiga ƙasan ramin, sauran kuwa jiran guga za su yi. Wani masani Ba'amurke, Gene Amdahl, ya bayyana wannan a 1967: idan kashi ɗaya cikin goma na aiki ba ya rabuwa, to ko ƙwaya dubu aka ba shi, saurinsa ba zai wuce ninki goma ba. WRF tana rabuwa da kyau, sai dai bayan kowane taku dole kowace ƙwaya ta gaya wa maƙwabtanta abin da ke kan iyakarta, kuma idan aka yanka filin ƙanana da yawa, sai magana ta fi noma yawa. Shi ya sa masu manhajar suke ba da shawarar kada rabon kowace ƙwaya ya gaza kimanin gida 25 a kowane gefe. Bisa wannan awo, filinki mai kilomita 9 ƙwaya 16 kawai zai ci da kyau, mai kilomita 3 kuwa zai ci har 144. Da za a ba ki dukan babbar kwamfutar Faransa don aikin farko, da mafi yawanta zaman banza za ta yi.

Don haka ga shawarata a fili. Kuɗin sashenku a sayi na'urar tebur guda mai ƙarfi da su, ba garke ba. A nemi mai ƙwaya 24 zuwa 32 da ma'ajiyar aiki mai gigabait 128, a ɗora mata Linux, wato manhajar da ke tafiyar da na'urar, kuma a kula da yawan hanyoyin da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ma'ajiyar, domin WRF ta fi jin ƙishin saurin ɗebo bayanai fiye da saurin ƙwayar kanta. Kada mai sayarwa ya rinjaye ku da katin zane mai tsada, irin wanda ake kira GPU, domin WRF ta yau da kullum ba ta amfani da shi. Abin da na fi so ki jaddada wa shugaban sashenku shi ne kada miliyan shidan su tafi duka a kan na'urar. A ware kusan kashi ɗaya cikin uku don batura da inbata da farantan sola, da faifan ajiya guda biyu, ɗaya yana riƙe da kwafin ɗaya, da kuɗin kwastan. Wutar arewacin Kamaru ta dogara ƙwarai da madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, kuma duk wanda ke zaune a Marwa ko Garwa ya san yadda takan kasance idan ruwan madatsar ya ja baya da rani, ko da yake tashoshin sola na Marwa da Gidar sun rage raɗaɗin. Na'urar da ke cin wat 500 ana iya riƙe ta da batir a tsallake ɗaukewar wuta. Ni kaina na taɓa asarar lissafin kwana tara saboda wutar da ta ɗauke na minti goma, kuma laifin nawa ne, domin ban umarci manhajar ta riƙa ya da zango ba. WRF tana iya rubuta halin da take ciki a faifai bayan kowane lokacin da kika ƙayyade, ta yadda idan ta faɗi za ta tashi daga zangon ƙarshe maimakon ta koma farkon damina. Ki saita wannan tun ranar farko, ko a wace na'ura kike.

Da wannan na'ura za ki yi daminoni goman a kan gida mai kilomita 9, ki gwada saituna, ki yi kuskure ki gyara ba tare da jiran kowa ba. Amma aikin kilomita 3 yana da dalilinsa, kuma ba ado ba ne. Ruwan yankinmu mafi yawansa daga manyan gungun hadari yake zuwa, waɗanda ke tasowa daga gabas suna tafiya yamma, kuma sai gidan dara ya sauko ƙasa da kimanin kilomita 4 ne manhajar ke iya gina hadarin da kanta, maimakon ta ƙiyasta shi da dabara. Ba ki buƙatar wannan ga kowace rana ta shekara goma. Ki zaɓi makonnin da suka fi muhimmanci, kamar na gabanin ambaliyar 2022 da ta mamaye unguwannin Injamena, da ta 2024 da ta yi ɓarna a Yagwa da sassa da dama na Chadi, ki kai su babbar kwamfuta.

A nan ne tayin malaminki na Faransa ya shigo, kuma ina ganin ki karɓa yau, kada ki jira gobe. Hukumar GENCI ce ke raba lokacin manyan kwamfutocin ƙasar, irin su Jean Zay da ke kusa da Paris da Adastra da ke Monpeliye, kuma kyauta ne ga binciken jami'a, sai dai da sunan ɗakin binciken Faransa ake nema. Ana auna rabon da awar ƙwaya: ƙwaya 144 da suka yi aiki awa 10 sun ci awa 1,440 daga rabonku. Masu rabon suna son ganin hujjar adadin da aka nema, kuma gwajin da kika yi a na'urar sashenku shi ne hujjarki. Sai dai ki shirya wa wasu abubuwa. Buɗe wa baƙo asusu yakan bi ta binciken tsaro da ke ɗaukar makonni, kuma galibi ba a shiga na'urar sai ta adireshin da aka yi wa rajista, wato sai kin bi ta ƙofar ɗakin binciken malaminki. Idan kin shiga kuma ba danna maɓalli ake yi aiki ya fara ba. Ana rubuta buƙata ne a miƙa wa manhajar Slurm, ita kuma ta sa ki a layi, kuma kowane aiki yana da iyakar sa'o'in da zai yi kafin a yanke shi, wanda ya sake dawo da mu kan maganar zango. Faifan aiki mai sauri ma ba rumbu ba ne, a wasu cibiyoyin ana share duk fayil ɗin da ya kwana 30 ba a taɓa shi ba.

Abin da ya sa na fi son wannan hanya ga aiki mai nauyi ba ƙarfin na'urar kaɗai ba ne, wurin da bayanai suke ne. WRF tana buƙatar a ciyar da ita da bayanan yanayin duniya a gefunan filin, kuma mafi yawan masu bincike ERA5 suke ɗauka, tarin bayanan cibiyar hasashen yanayi ta Turai, wanda ke ba da halin kowace awa tun daga 1940 a kan gida mai kimanin kilomita 31. Kyauta ne, amma yana da nauyi, abin da manhajar za ta fitar kuma ya fi shi nauyi. Ki yi wannan lissafi: terabait ɗaya a kan layin intanet mai megabit 10 a daƙiƙa zai ci fiye da kwana tara, idan layin bai yanke ko sau ɗaya ba. Saboda haka kada ki yi niyyar jawo ɗanyen sakamako zuwa Marwa. Ki tace shi a can, ki ciro ruwan sama da iska da 'yan abubuwan da kundinki ke buƙata, ki sauko da gigabait kaɗan. Sauran kuwa, idan wani zai zo daga can, faifai a cikin jaka ya fi kowane layi da muke da shi sauri.

Zanen aro dai ba ya rufe katara. Ranar da kika kare kundinki ko malaminki ya sauya wurin aiki, asusun zai rufe, shi ya sa ban ce a bar sayen na'urar gida ba. Ki kuma yi magana da malamanki biyu tun yanzu a kan inda za a ajiye sakamakon da sunayen da za su hau kan maƙalar, domin irin wannan magana ta fi sauƙi kafin aiki ya yi kyau. Faransa kuma ba ita kaɗai ce ƙofa ba. A Afirka ta Kudu akwai babbar kwamfuta mai suna Lengau a cibiyar CHPC ta Kef Tawun, wadda aka ƙaddamar a 2016, mai ƙwaya sama da 30,000. A Maroko akwai Toubkal a jami'ar Mohammed VI ta Ben Gerir, wadda aka buɗe a 2021. Senegal da Kwaddibuwa ma kowacce tana da tata ta ƙasa. Dukkansu ta hanyar abokin bincike da ke can aka fi samun shiga. Cibiyar binciken kimiyya ta ICTP da ke Tiriyeste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, ta daɗe tana horar da masu nazarin yanayi daga Afirka, kuma ita ce ke kula da manhajar RegCM, 'yar'uwar wadda kike amfani da ita.

Shawarar abokinki ba banza ba ce, amma ita ce ta ukun a wurina. Hayar intanet tana da daɗi ga wanda ke buƙatar na'ura babba na kwana biyu, ba layi, ba takarda. Sai dai awa-awa ake biya, ko na'urar tana aiki ko an manta da ita a kunne, ana biyan kuɗin ajiya kowane wata, sannan a biya kuɗin fitar da bayanai, wanda a manyan cibiyoyin Turai da Amurka yake kusan santi 9 kan kowace gigabait, wato dala 90 a terabait. Dalar Amurka nake nufi, ba dalar kasuwar Marwa ba. Akwai haya mai rahusa sosai, amma da sharaɗin za a iya ƙwace na'urar da gargaɗin da bai wuce minti biyu ba. Ga kuma wahalar biya, tunda katin banki suke karɓa ba kuɗin waya ba, katin kuma yana da iyakar abin da zai biya a waje, ma'ajin jami'a kuwa ya fi gane rasit ɗin na'urar da zai gani da idonsa. Idan kin samu kyautar kuɗin haya daga shirin tallafin bincike na ɗaya daga cikin kamfanonin, ki yi amfani da ita a watan ƙarshe, lokacin da masu duba kundi suka nemi ƙarin gwaji ɗaya kuma layi ya yi tsawo.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, wata jami'a a Turai ta yi mana tayin kyautar tsofaffin na'urori 20 da ta cire daga garkenta, mu ne za mu biya kuɗin jigila. Mu karɓa?
Wani shugaban sashen lissafi, daga Injamena

AMSA: Allah ya ja zamanin Malam. Irin wannan kyauta ta taɓa yin amfani. Lokacin da aka sauke Ranger, babbar kwamfutar jami'ar Texas, a 2013, an rarraba sassanta zuwa Afirka ta Kudu da Botswana da Tanzaniya, kuma ɗalibai da yawa a kansu suka koyi aikin. Amma abin da ya raya su shi ne horon da aka ba masu kula da su, don haka tambayar farko ita ce ko sashenku yana da mutum guda da za a ce wannan aikinsa ne, ana biyansa a kai, ba ɗalibin da zai gama ya tafi baɗi ba.

Sai maganar wuta. Na'ura 20 da kowacce ke cin kimanin wat 500 sun haɗa kilowat 10, wato kilowat-awa 240 a rana, 87,600 a shekara, kuma duk wannan wuta zafi take komawa a cikin ɗaki, wanda dole a fitar da shi da wata wutar. Ana son iskar da ke shiga irin waɗannan na'urori ta tsaya tsakanin digiri 18 da 27, alhali Malam ya fi ni sanin cewa a watan Afrilu Injamena takan haura 40. Da hunturu kuma ga ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, wanda ke cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, kuma ƙura tana toshe fankokin na'ura kamar yadda take toshe hanci. Manyan ƙasashe ma wuta ce ke iyakance su: Frontier ta Amurka, wadda ta zo ta ɗaya a TOP500, jerin kwamfutocin da suka fi ƙarfi a duniya, a 2022, tana cin sama da megawat 20, fiye da rubu'in ƙarfin madatsar Lagdo baki ɗaya. Tsohuwar na'ura kuwa ta fi sabuwa cin wuta a kan lissafi ɗaya, kuma dalilin da ya sa masu ita suka cire ta ke nan.

Idan don koyarwa ne, ku karɓa, ku kunna huɗu ko shida kawai, ku ajiye sauran a matsayin kayan gyara. Garke mai na'ura huɗu ya isa a koya wa ɗalibi Linux da Slurm da rubuta manhaja mai rabuwa, kuma ɗalibin da ya iya waɗannan zai zauna a gaban kowace babbar kwamfuta ba tare da ɗar-ɗar ba. Idan kuwa don bincike mai gudana dare da rana ne, ku haɗa kuɗin jigila da na kwastan da na wutar shekara biyu, ku kwatanta da farashin sabuwar na'ura ɗaya kafin ku amsa wasiƙarsu.

TAMBAYA: Malam, ina digiri na biyu a ilimin kwamfuta, ina so in koya wa na'ura rubuta maganar Hausa daga sauti. Ina da rikodin awa 15. Sai na sayi GPU?
Wani ɗalibi, daga Ngaundere

AMSA: A'a ɗana, ba yanzu ba. Aikinka, saɓanin na 'yar'uwarka ta Marwa, GPU yake so, amma da awa 15 ba daga tushe za ka gina ba. Za ka ɗauki samfurin da aka riga aka horar, kamar Whisper da aka saki a 2022 wanda Hausa na cikin harsunansa, ka ƙara masa horo da naka sautin. Ƙaramin samfurinsa yana shiga katin da ke da gigabait 16, irin wanda shafukan intanet na Google Colab da Kaggle ke ba da aronsa kyauta. Kaggle yana ba da kimanin awa 30 a mako, Colab kuma yana yanke zama idan ya kai awa 12, sau da yawa ma kafin haka, don haka ka riƙa ajiye samfurin bayan kowane ɗan lokaci a wurin da ba zai goge ba. Kafin ka ɗora muryar kowa a na'urar wani kamfani, ka tabbata masu muryar sun yarda da hakan a rubuce ko a cikin rikodin ɗin kansa. Ka kuma ware awa biyu daga cikin goma sha biyar ɗin, na mutanen da muryarsu ba ta cikin sauran, ka ɓoye su don gwajin ƙarshe.